Kunnen da Na Kara a Jikin Lasifika

Bungudu,
Lahadi, bayan azahar.

Zuwa ga ɗana Ɗanlami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kun sauka Gusau lafiya, kai da Saratu da amaryata Ummi, kuma kun tarar da ɗakin kamar yadda mai gidan ya faɗa, ba kamar yadda masu gidajen haya suka saba ba. Allah ya sa kun shiga a sa'a, ya sa albarka a keken ɗinkinka, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutum.

Na san za ka yi murmushi in ka ga takarda, tunda Bungudu da Gusau ba wata tafiya ba ce, ga kuma waya a aljihun kowa. To ka san wayar nan ba ta da amfani a wurina. In ka kira, sai dai in kara ta a kunne in yi ta cewa madalla, madalla, ko da cewa ka yi gobara ta tashi. In kuma na tsare ka da baki, sunkuyar da kai za ka yi ka ce to Baba, ni kuwa ko to ɗin sai na ga leɓenka nake sanin ka faɗa. Shi ya sa na rubuta. Ka sami wuri ka zauna ka karanta, sannan ka karanta wa Saratu.

Maganar kayan sautin nan ce da ka saya. Ban ce ka yi laifi ba. Ɗakin sabon magidanci yana son abin da zai ɗebe kewa, kuma ni ne na ƙarshe a garin nan da zai hana wani sayen lasifika, ni da na ci abinci da hayarta tun kafin a haife ka. Amma ranar da ka haɗa su a tsakar gida don gwaji, ana gobe za ku tashi, na ga abin da ya hana ni sukuni har yau. Ka murɗa murya har na ji dukan a ƙirjina, ruwan da ke cikin kwanon sha yana rawa. Ummi tana zaune a kan tabarma kusa da babbar lasifikar nan da kuke kira wufa, ta buɗe baki tana tsala kuka, ba wanda ya juya. Ni kurman gidan ni na fara sanin tana kuka, don ni da ido nake ji. Kai kuwa ka durƙusa ka manna kunnenka na dama a jikin ƙaramar lasifika, kana neman inda take karkarwa. Da ka ɗago, Saratu ta tsaya ta damanka tana yi maka magana, ina kallon bakinta, ba ka waiga ba sai da ta zagayo ta hagu.

Ɗanlami, kunnenka na dama ya fara tafiya. A wurina ka ga wannan durƙuson, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Zan dawo kan wannan maganar, don ita ce ta sa na ɗauki biro. Bari in fara da ƙananan, waɗanda in sun ɓaci ana iya gyarawa.

A cikin kayan Saratu na hango wani ƙyalle mai saƙa, fari da ruwan hoda, daidai girman amfilifayarka. Na gane shi tun daga nesa, don marigayiya Innarka ta taɓa saƙa irinsa. Lokacin muna sabon aure na sayi rakoda mai cin kaset biyu, na ajiye a ɗakinta kusa da jeren kwanoni. Ta ɓata makonni tana saƙa mata murfi, har da 'yan tsuntsaye a gefe. Ita in za a kunna takan cire. Ni ne na ce ta bar shi, ƙura ta yi yawa, kuma baƙi in sun shigo su ga aikin hannunta. Wata rana da bazara na kunna wa'azi na fita zaure, sai ga ta da gudu ba ko mayafi.

"Malam, wanga abu naka shina hayaƙi hwa!"

Kafin in shiga, murfin ya kama, robar bayan rakodar ta narke tana ɗiga a kan leda, saura ƙiris wutar ta lashi katifa. Na ɗauki buta zan watsa ruwa, Allah ya sa ta riƙe hannuna ta fizge wayar daga bango, muka kashe da ƙasa. Da na kai gawar rakodar wurin Mamman mai gyara a Gusau, ya juya ta ya dube ni.

"Wa yal lulluɓe ta?"

Na ce ni ne.

"Kai Isa, kaza ta, da za ka ruhe ta da kwando? Ramukkan ga da kaka gani baya, nan taka shan iska."

Innarka ba ta yi kukan rakoda ba, tsuntsayenta ta yi wa kuka. Saboda haka ka gaya wa Saratu da lalama, kada ta ce surukinta ya raina saƙarta. Ta rufe in an kashe kuma ya huce. In yana aiki, a bar shi tsirara, a ja shi daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, kada a tura shi cikin kabad a rufe ƙofa. Kada a ɗora masa kofin shayi ko kwanon ruwa, kada a ajiye shi ƙarƙashin taga inda feshin damina ke shigowa. In kuwa ka ji ƙaurin roba, ka kashe daga bango tukuna kafin ka tsaya neman dalili, kuma wutar lantarki ba a kashe ta da ruwa.

Ka san yatsuna biyu na hannun hagu da ba sa lanƙwasuwa. Kuna yara na ce muku faɗuwa na yi a babur, kuka yarda, don ba ku da zaɓi. Ashana ce ta jawo. Fulogin amfilifayata ya fashe, maimakon in sayi sabo sai na fere wayoyin na cusa su tsirara a soket, na danne da tsinken ashana. Ya yi aiki, shi ne matsalar. Abin banza in ya yi aiki sau ɗaya sai mutum ya mai da shi sana'a. Haka in fis ya ƙone, ba na tambayar me ya ƙona shi, sai in naɗe shi da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari in mayar. Mamman ya sha gaya mini fis mai gadi ne, mutuwarsa ita ce aikinsa, ni kuwa ina ganin Mamman so yake ya sayar mini da kaya.

Ranar da abin ya tashi kama ni, wani biki ne a Tsafe, an yi ruwa da hantsi ƙasa ta jiƙe. Na yi alwala, na taho ba takalmi, hannuna da danshi, na dafa jikin amfilifaya zan gyara mata zama. Ɗanlami, ban san ƙarfe yana riƙe mutum ba sai ran nan. Ina so in saki, hannun ya ƙi, ina so in yi ihu, haƙorana sun datse. Maza suna tsaye suna salati, wani har ya miƙo hannu zai ja ni, da mun zama mu biyu. Wata tsohuwa ce da ke daka a gefe ta taso da taɓarya ta maka wa wayar, ta haɗa da hannuna. Da na farfaɗo tana tsaye a kaina tana haki.

"To, yanzu dai mun huta da ƙara."

Har yau ban sani ba ko cetona ta yi niyya ko kashe kiɗan. Ko wanne ne, Allah ya jiƙanta, don na ji ta rasu. Kai dai ka sayi fulogi mai kyau, araha ba ta ado. In fis ya ƙone ka sa irinsa, in ya sake ƙonewa ka kai wa mai gyara, kada ka buɗe cikin da kanka, don ko an cire daga wuta akwai abin da ke riƙe ta a ciki. Kada ka tara kayan sauti da dutsen guga da abin dafa ruwa a soket ɗaya. In za ka haɗa wayoyin lasifika, ka kashe komai tukuna, ja ta tafi wurin ja, baƙa wurin baƙa, ka murɗe bakin kowace sosai kada silin ɗaya ya taɓa na ɗaya. Kada ka taɓa da jiƙaƙƙen hannu. In Allah ya kawo tsautsayi wuta ta kama wani, a kashe daga bango ko a ture da busasshen itace, kada a sa hannu.

Wutar Gusau ka san halinta, tafiya ba sallama, dawowa ba sallama, kuma wani lokaci da fushi take dawowa. In an ɗauke, ka cire fulogi, in an kawo ka bari ta zauna kafin ka mayar. Ka nemi sitabilaiza, na'urar nan mai daidaita wuta, ko da ƙarama ce. In hadari ya haɗu ana walƙiya, ka cire gaba ɗaya, kashewa da rimot ba kashewa ba ce. In ka sayi janareto, waje ne wurinsa, nesa da taga, ko da ɓarayi sun fi sauro yawa a unguwar. Sannan kullum ka mai da murya ƙasa kafin ka kashe, don kada mai kunnawa gobe ya sha mari a kunne.

Ka shafa girarka ta hagu, za ka ji tabo. Kana rarrafe lokacin. Na ɗora lasifika a saman kabad don kada yara su taɓa, na bar wayarta tana lilo har ƙasa, kamar na ce maka ga igiya ja. Ka ja kuwa. Gefenta ne kawai ya same ka, da tsakiyarta ce da ba ni da wanda zan rubuta wa wannan takarda. Innarka ta yi kwanaki ba ta ce mini komai ba sai ga tuwo, ga ruwa. Yanzu amaryata ta fara kama abu tana miƙewa, kuma na lura ta gaji rigimar mai sunanta, abin da aka hana shi take so. Babbar lasifika ta zauna a ƙasa, jikin bango, inda ba za ta rinjaya ba. Ƙananan in za ka rataye, ka kafa su da ƙusa mai ƙarfi, ka bi da wayoyin ta jikin bango ka danne, kada ka shimfiɗa su ƙarƙashin leda inda ƙafa za ta yi ta murje su ba a gani. Rimot kuma a ajiye sama, don baturan nan ƙanana ba su da maraba da alewa a idon yaro.

To, na gama da masu sauƙi. Rakoda na sayi wata, yatsu na saba da su, tabonka ma har ya yi maka kyau. Kunne ne ba a sayarwa a kasuwa.

A zamanina babu wani abin gwaji, kunne ne abin gwajinmu. In lasifika ta fara karkarwa, sai in ƙure murya in bi su ɗaya bayan ɗaya ina manna kunnen dama, har in gano wadda takardarta ta yage. Ina alfahari da wannan. Ana zuwa ɗaukata daga Rawayya, daga Karakkai, har 'Yandoto, don an san in Isa ya kafa kayansa, ƙauyen gaba ma sai sun san ana biki. Mai biki yakan zo ya ce, "Ƙara mata wuta, Isa, a san ɗiyata aka kai!" Ni kuwa in ƙara, ina zaune a gindin lasifikar tun daga kamu har a watse. In na dawo gida sai in ji wani gyare yana kuka a cikin kaina. Da safe ya tafi. Na ɗauka gajiya ce. Jiki magayi ne, ya kuwa gaya mini, ni ne ban saurara ba.

Innarka ce ta fara ganewa. Takan ce, "Malam, tun ɗazu nika kiranka." In ce ita ce ke magana ciki-ciki kamar mai cin bashi. Takan ce, "Rage abin ga, maƙwabta na da marar lahiya." In ce kayana ne, gidana ne. Sannu a hankali sai na ga kowa ya koma magana ciki-ciki, liman ma ya koma ciki-ciki. Sai wata safiya gyaren bai tafi ba, kuma yana nan har yanzu da nake rubutun nan. Da na je asibiti a Gusau, likita ya duba ya rubuta mini a takarda, don ya gaji da ɗaga murya, cewa abin da ƙara ta kashe a cikin kunne ba ya dawowa. Na daman ya mutu, na hagun yana bin sa. Na'urar da ka saya mini ta sawa a kunne, Allah ya yi maka albarka, amma abin da take ba ni kamar ruwan sama ne a kan kwano, shi ya sa ka ga tana cikin akwati.

Mutane suna zaton kurma yana cikin shiru ne, yana hutawa. Ba hutu a ciki. Kiran salla sai na ga mutane sun miƙe. A sahu da gefen ido nake bin liman. A majalisa in an yi dariya nakan yi tawa daga baya, ban san ko da ni ake ba. Da can Isa Mai Lasifika ake ce mini, yanzu na san abin da ake ce mini, na karanta a bakin yara. Kuma ka san halin da ƙasar nan take ciki, kunne shi ne mai gadin talaka. Bara ina gona na ɗaga kai na ga mutane suna gudu ta cikin dawa, sun ji ƙarar babura tun daga nesa, ni ina duƙe ina cirar ciyawa. Allah ya sa ba waɗanda ake tsoro ba ne. Tun ran nan ban sake zuwa gona ni kaɗai ba, na zama kaya.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, ba umarni ba, roƙo. Kada ka sake kara kunnenka a jikin lasifika. In tana karkarwa, ka rage murya ka ɗora yatsa a hankali, yatsa ma yana ji. In kana zaune da Saratu sai kun ɗaga murya kafin ku ji juna, to ya yi yawa, ka rage. In maƙwabci ya san waƙar da kake ji, ya yi yawa. Kada a kwantar da Ummi kusa da wufa, kunnen jariri ɗanye ne, kuma ba ta da bakin da za ta ce ya ishe ta. Abin jin waƙar nan da kake cusawa a kunne kana ɗinki tun safe, ka riƙa cire shi kunnen ya huta. In kuma gyaren nan ya riga ya fara yi maka kuka, kuma ina zargin ya fara, kada ka jira safiya ta kore shi. Ka je asibiti a duba ka tun da sauran abin da za a tsare.

Akwai abin da ban taɓa tambayarka ba, yau zan tambaya.

Ranar da Innarka za ta rasu, bayan la'asar, kana zaune wajen ƙafafunta, ni ina wajen kanta. Ta kama hannuna, wannan mai yatsun da ba sa lanƙwasuwa, ta jawo ni. Na sunkuya, kuma don sabo sai na ba ta kunnen dama. Ta yi magana mai ɗan tsawo. Na ji ɗumin numfashinta a kuncina, ban ji ko harafi ɗaya ba. Da na ɗago don in karanta a leɓenta, ta riga ta gama, tana kallona tana jiran amsa. Na ga ba ta da ƙarfin maimaitawa. Sai na gyaɗa kai na ce to. Ta yi murmushi ta saki hannuna, kai kuma ka fashe da kuka ka fita. Kafin magariba ta cika.

Matar da ta yi shekaru tana kirana ina cewa ta ɗaga murya, ran da ba ta da muryar ɗagawa ban ji ta ba. Na ce mata to, kuma ban san abin da na ɗauka ba. Ko wasiyya ce, ko yafiya ta nema, ko ta yafe mini ne, ko cewa ta yi in kula da wani, ban sani ba. Kullum in na yi wani abu sai in ce ko wannan ne ta hana, in na bar wani in ce ko shi ne ta sa ni. Ku duka kun ɗauka na ji, ni kuma kunya ta hana ni cewa ban ji ba. Wannan abu yana cina fiye da gyaren.

Kai ka ji, don a lokacin kunnuwanka biyu lafiya lau suke. Ka rubuto mini abin da ta ce, yadda ta faɗa, kada ka gyara, ko da faɗa ne. Ka ba direban da ya kawo maka wannan. Sannan ka tuna, wata rana Saratu ko Ummi, ko wani da ba a haifa ba tukuna, zai jawo ka ya gaya maka magana a hankali, irin wadda ba a maimaitawa. Ina so ran nan ya same ka da kunne.

Ka gaishe da Saratu, ka ce na gode da dambun da ta bar mini. Ka gaya wa amaryata mijinta yana nan yana jira, in ta fara magana a kawo ta ta yi a gabana, zan kalli bakinta. Allah ya tsare ku da tsarewarsa, ya kare ku daga wuta da ruwa da mugun ji da mugun gani, ya raya Ummi, ya jiƙan mai sunanta ya haskaka kabarinta. Allah ya bar maka jinka da ganinka har ƙarshen rayuwarka, amin.

Ina zaure kullum bayan la'asar. Ka ce wa direban ya shigo ya taɓa kafaɗata, kada ya tsaya a waje yana sallama.

Mahaifinka,
Isa.